Kwari da Baka: Kibiya Ake Fara Zaɓa

(Kiɗan garaya na maharba, sannan ya lafa)

 Gaisuwa ga mutanen Salaga da Kpembe, da na Yendi, da na Bawku da Pusiga, da duk zangon da muryar nan ta kai. Sarakunan baka da sauran dattawan maharba, ranku ya daɗe, yau zancen naku ne, a gafarce mu idan mun shiga gabanku.

Wata sabuwar sha'awa ce ta shigo wa samarinmu ta wayar hannu. Suna kallon maharban Amurka a bidiyo, riƙe da wani irin baka da aka gicciya a kan gindi irin na bindiga, ga kunama, ga madubin saiti. Mutum ya ɗana, ya hau bishiya ya jira, ya latsa kunama, dabba ta faɗi. Sai ka ji saurayi yana cewa zai sa ɗan'uwansa na Turai ya aiko masa da irinsa, kuma tambayarsa ba ta wuce biyu: wanne ya fi ƙarfi, wanne ya fi gudu? A shirin nan za mu kira shi baka mai kunama, kuma za mu zo kansa. Amma bari mu fara da namu na gida, domin wanda bai gane yadda kibiyar kakansa take kisa ba, ba zai iya zaɓen ta Bature ba.

Baka ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Idan makaɗan fadar Yendi suka ɗauko tarihin Dagbon daga tushe, da maharbi suke farawa, Tohazie, Jan Maharbi, wanda wasu ruwayoyi suka ce daga wajen Zamfara ya fito. An ce ya iske wani gari da wata muguwar bauna ta hana mutanensa ɗiban ruwa, ya harbe ta, sarkin ƙasar ya ba shi 'yarsa. Daga zuriyarsa aka sami Naa Gbewaa da ya zauna a Pusiga, gabas da Bawku. Fataken Kano kuwa da suka yi ta zuwa Gwanja neman goro, ta Bargu da Sansanne Mango da Yendi har Salaga, tafiyar watanni ce cikin daji, kuma masu baka ne ke tsaron ayari daga 'yan fashin hanya. A Sandema har gobe, idan watan Disamba ya zo, Builsa suna fitowa bikin Feok da hulunan ƙaho da kwari a kafaɗa, suna tuna yadda kakanninsu suka tare rundunar Babatu, Bazabarmen nan da kabarinsa yake Yendi.

To, wane irin baka ne wannan da ya yi duk wannan aiki? Ku ɗauko na wani dattijo ku duba. Gajere ne, na gora ko na itacen dargaza, tsarkiyarsa ta murɗaɗɗiyar fata ko ta tsagin gora. Kibiyarsa siririya ce ta kyauro, mara nauyi, ba gashin tsuntsu a gindinta, bakinta ɗan ƙarfe ne mai kunnuwa da maƙeri ya ƙera. Irin wannan kibiya ba ta ratsa ƙirjin mariya ta fita ta ɗaya ɓarin. Ba a ma ƙera ta don haka ba. Aikinta kawai ta huda fata ta maƙale, kunnuwan su hana ta fita, dafin da aka shafa mata ya shiga jini. Dafin nan, wanda akasari daga 'ya'yan kwankwani ake haɗa shi, zuciya yake kamawa ya tsayar. Ƙarfinsa ya kai har wani likita a Edinbara, Thomas Fraser, ya tace sinadarin irin wannan tsiro a ƙarni na 19, aka yi ta ba masu ciwon zuciya kaɗan-kaɗan a asibitocin Turai. Wato kakanninmu sun san abin da suke yi. Bakan mai sauƙi, kibiyar mai sauƙi, nauyin kisan duka yana kan dafi.

A nan ne maganar take, jama'a. Dafin nan yau ba shi da wurin zama. Dokokin kare namun daji na Ghana na shekarar 1971, waɗanda ake kira L.I. 685, sun hana farauta da guba ko da makami mai dafi, kamar yadda suka hana tarkon ƙarfe mai haƙora da haska wa dabba fitila da dare. Tun kafin dokar gwamnati ma, malamanmu na Malikiyya sun yi magana. Sharaɗin halaccin naman farauta shi ne a yi bisimilla lokacin sakin kibiya, kuma kaifin makamin ne zai yi kisan. Idan aka harbi dabba da kibiya mai dafi, aka iske ta mace, ba a san ko kaifi ne ya kashe ta ko dafi ba, sun ce ba a cin ta. Ga kuma haɗarin da kowane gidan maharba ya sani: kwari a rataye a ɗaki, yara suna wasa, ƙwarzane ɗaya ya isa a yi jana'iza.

Sai dai akwai kuskuren da ya fi wannan yawa a yanzu, kuma shi ya fi damuna. Saurayi ya ji an ce dafi haramun ne, ya bar shi, madalla. Amma ya ci gaba da harbi da siririyar kibiyar nan mai kunnuwa, ba dafi. Ya sami mazo a cinya ko a ciki. Mazon ya shige kurmi da ƙarfe a jikinsa, kunnuwan sun hana shi fita, raunin ya ruɓe, ƙudaje su bi shi, ya yi kwanaki yana wahala kafin ya mutu inda ba wanda zai gan shi. Maharbi bai ci nama ba, daji ya yi asarar dabba, ga alhaki. Saboda irin wannan ne jihohi da yawa a Amurka suka hana farauta da bakin kibiya mai kunnuwa. Duk wanda ya ajiye dafi, dole ne ya sake kibiyar gaba ɗaya. Shi ya sa na ce kibiya ake fara zaɓa, baka ya biyo baya.

Kibiyar da ba ta da dafi yanka take yi. Harsashi dukan ƙarfi yake yi ya farfasa, ita kuwa sai ta shiga ta yanke hanyoyin jini a huhu da zuciya, dabba ta zubar da jini ta faɗi cikin ɗan lokaci. Saboda haka abu na farko shi ne baki. Ka je wurin maƙeri ka ce ya ƙera maka mai faɗi, kaifi biyu, kamar ɗan ƙaramin mashi, ba kunne ko ɗaya. Faɗinsa kada ya gaza santimita 2 da ɗan ɗoriya, wanda shi ne mafi ƙanƙantar faɗin da yawancin jihohin Amurka suka yarda da shi. Ka wasa shi har ya iya aske gashin hannunka. Idan bai aske ba, bai isa shiga kwari ba. Baki mai dakushi ture jijiyar jini yake yi gefe ya wuce, mai kaifi ne yake tsinka ta.

Da zarar ka faɗaɗa baki, wata matsala za ta taso. Iska za ta riƙa kama faɗin nan tana karkatar da kibiyar. Kibiyar kakanni ba ta buƙaci gashi ba don bakinta siriri ne kuma harbin kusa ne. Taka tana buƙata. Gashin zabo ko na talo-talo guda uku, duka daga fiffike ɗaya, na dama ko na hagu, kada a gauraya, a ɗaure su sosai a gindin kibiya.

Sai nauyi. Samari suna son kibiya mai sauƙi don ta fi gudu, amma mai nauyi ce take shiga. Ita ce take kwashe ƙarfin baka ta tafi da shi, ita ce idan ta gamu da haƙarƙari take karya shi ta wuce, kuma bakan ya fi yin shiru da ita. Ƙa'idar da masu bakan gargajiya na ƙasashen waje suke bi, idan aka mayar da ita awonmu, ita ce bakan da jansa ya kai kilo 20 yana son kibiya mai giram 25 zuwa 30. Siririn kyauro ba zai kai haka ba, kuma idan ka ɗora shi a baka mai ƙarfi zai iya lanƙwashewa ya karye a lokacin saki, tsagin ya shige hannun da ke riƙe da bakan. Nemi sanda miƙaƙƙiya mai tauri, ka mirgina ta a kan tebur ka ga ko tana rawa. Kibau ɗinka duka su zama tsawo ɗaya, nauyi ɗaya. Kwarin da kowace kibiya take da halinta ba ya koya wa hannu saiti.

Yanzu baka. Ta yaya za ka san ƙarfinsa? Rataye shi a reshe, ka maƙala sikelin rataya irin na mahauta a tsarkiya, ka ja har iyakar inda kake ja idan za ka yi harbi, ka karanta. Don gada da batsiya da mazo, kilo 18 zuwa 22 ya wadatar, kuma kusan nan ne dokokin jihohin Amurka da dama suka sa ƙaramin mizani na farautar dabbobi masu irin wannan girma. Kada girman kai ya sa ka ɗauki wanda ya fi ƙarfinka. Ga gwaji: zauna a ƙasa, ka ja bakan a hankali ba tare da ɗaga shi sama ba, ka riƙe ka ƙirga goma. Idan hannu ya fara rawa, bakan ba naka ba ne. A daji za ka ja ne a durƙushe, bayan doguwar jira, dabba tana kallon wajenka. Da hunturu kuma a riƙa shafa wa itacen man kaɗanya don kada ya tsage, a kwance tsarkiya idan an dawo gida.

(Kiɗa na ɗan lokaci)

Masu sauraro, har yanzu muna kan zancen kwari da baka. Mu koma ga baka mai kunama.

Amfaninsa a fili yake. Kunama ce take riƙe tsarkiya, don haka mutum zai iya ɗanawa ya jira ba gajiya, kuma koyon saitinsa bai kai na bakan hannu wuya ba. Jansa yakan kai kilo 70 zuwa 90, shi ya sa ake ɗana shi da wata igiya mai ƙugiya wadda take raba nauyin biyu. Kibiyarsa gajera ce, santimita 50 zuwa 56, nauyinta da baki wajen giram 26, tana gudun mita 100 zuwa 120 a daƙiƙa ɗaya. Masu sayarwa da wannan gudun suke talla, kowane kamfani yana cewa nasa ya fi. Ni shawarata, kada ka bi gudu. Mafi rauni a cikinsu ma ya ishi mazo. Tambayar da ta dace da mutumin Salaga ita ce: idan tsarkiya ta tsinke, wa zai gyara?

Iri biyu ne. Akwai mai ƙafafun juyi a ƙarshen hannuwansa da igiyoyi a sarƙe. Ya fi gudu, ya fi ƙanƙanta, amma ba a canja masa tsarkiya sai da wani injin matsewa da ke shagunan masu sana'ar. Akwai kuma mai hannuwa lanƙwasassu kawai da tsarkiya ɗaya. Ya fi faɗi, ya ɗan fi jinkiri, amma kai da kanka za ka canja masa tsarkiya a gindin bishiya. Ga mai zama nesa da irin waɗancan shaguna, ga ƙura ga zafi, na biyun ne abin saye, tare da tsarkiyar ajiya da kakin shafa mata. Bakin kibiya ma haka: akwai mai buɗewa idan ya bugi dabba, akwai tsayayye. Ɗauki tsayayye, wanda za ka iya wasawa a dutse ka sake amfani da shi. Kuma kafin ka tura kuɗi ko ka sa a aiko maka, ka je ofishin 'yan sanda da na kwastan ka ji matsayinsa, kada kaya su iso tashar Tema su zame maka shari'a. Kowace ƙasa da nata tsari. A Ingila ma, tun dokar 1981 an hana farautar kowace dabba da baka ko wane iri ne, alhali a Afirka ta Kudu an yarda bisa sharuɗɗa.

Abubuwa uku ne suke raunata masu wannan baka. Sakin kunama ba kibiya a kai yana iya tarwatsa hannuwan bakan a fuskar mutum. Ɗora yatsa a kan hanyar tsarkiya yana cire yatsan, ba ƙari a maganar. Sai yawo da shi a ɗane, a kan babur ko cikin mutane. Idan an tashi daga farauta ba a yi harbi ba, a sauke shi ta hanyar harba tsohuwar kibiya cikin ƙasa mai laushi. Kada kuma wani ya ce zai sa masa kibiyar kyauro don ta waje ta yi tsada. Kowane baka da nauyin kibiyar da kamfaninsa ya ƙayyade, wadda ta gaza haka daidai take da sakin kunama a banza.

Ko da wane baka ka riƙe, nisa ne alƙali. Ƙara tana tafiyar mita 340 a daƙiƙa, ta fi kowace kibiya sauri. Idan dabba tana nisan mita 30, ƙarar tsarkiya za ta kai kunnenta cikin abin da bai kai kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa ba. Kibiyar baka mai kunama tana buƙatar ninki uku na wannan lokaci, ta bakan hannu kuwa fiye da rabin daƙiƙa. Dabbobin dajinmu, da suka tashi cikin tsoron damisa, wannan ɗan tsakani ya ishe su durƙusawa su zabura, sai kibiyar da aka auna ƙirji ta sami baya ko ciki. Don haka mai bakan hannu ya tsaya a taki 15 zuwa 20, mai kunama kada ya wuce 30 zuwa 35, komai abin da madubin saiti ya nuna masa. Ka san iyakarka tun a gida: cika buhu da tsummoki, ka zana da'ira mai faɗin tafin hannu da yatsu a buɗe, ka yi ta harbi da irin kibiyar da za ka fita da ita. Nisan da kibau ɗinka suke shiga da'irar a kai a kai, shi ne nisanka. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wace dabba kuma, a wane lokaci? Daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba na kowace shekara ana rufe farauta a duk faɗin Ghana, don lokacin ne yawancin dabbobi suke da ciki ko suke shayarwa. Gyazbi kaɗai aka ware, wanda mutanen kudu suke kira akrantie, shi ma sai da lasisi. Bayan an buɗe ma, farauta sai da lasisi daga sashen kula da namun daji na Hukumar Gandun Daji, kuma ba a taɓa ƙaramar dabba ko uwa mai ɗa a gefenta. Giwa da zaki da damisa da dorina da gwanki ba su da lokacin buɗewa sam. Gandun Mole da ke wajen Damongo ba a shiga da makami. Cinna wa daji wuta don a koro nama laifi ne a ƙarƙashin dokar gobarar daji ta 1990. A 2023 majalisa ta zartar da sabuwar dokar namun daji, wadda ta ƙarfafa hannun al'ummomi wajen kula da dajin da ke kewaye da su, kuma ina ganin sarakunan baka su ne suka fi cancanta su shige gaba a wannan.

Ga wani abu da bidiyon ba ya nuna wa samarinmu. Dabbar da maharban Amurka suke harbi, mai farar wutsiya, ta kusa ƙarewa a wajajen 1900, ta ragu zuwa dubu ɗari biyar ko ƙasa da haka. Yau ana ƙiyasta ta kusan miliyan 30. Abin da ya dawo da ita shi ne an hana sayar da naman daji a kasuwa, an sa lokacin rufewa, an ƙayyade wa kowane maharbi adadi, sannan tun 1937 aka ɗora haraji a kan bindigogi da harsasai, daga baya har kayan baka, kuɗin yana komawa kula da daji. Mu kuwa, ku tambayi dattawan bakin kogin Daka da Oti irin garken mariya da kanki da suka gani da ƙuruciya, sannan ku tambaye su yaushe rabon da su ga ko ɗaya.

'Yan'uwana na Bawku, ku kam maganarku daban ce, kuma da zuciya ɗaya nake yin ta. Duk lokacin da ma'aikatar harkokin cikin gida ta sabunta dokar hana fita a garinku, tana haɗawa da hana ɗaukar bindiga da harsashi da duk wani makami. Baka yana ciki. Sojan da ya hango ka da abu mai gindin bindiga da magariba ba zai tsaya tambayar ko zomo ka fito nema ba. Mutanen Yendi da Salaga ma ba su manta 1994 ba, shekarar da kibiyar farauta ta koma kan mutane. A ajiye kwari a ɗaki har Allah ya kawo mana zaman lafiya.

Ga wanda ya cika sharuɗɗa ya fita kuwa, ya sa iska a fuskarsa, kada ta kai wa dabba warinsa. Da hunturu daga arewa maso gabas take busowa. Ya jira har dabbar ta ba shi gefe, ya auna bayan ƙafar gaba kaɗan, ƙasa da tsakiyar jiki. Ta fuskanto shi ko ta ba shi baya, ya haƙura. Ya yi bisimilla ya saki. Bayan nan kada ya bi da gudu, don dabbar da aka kora takan yi nisan da ba za a same ta ba. Ya lura da inda ta shige, ya ɗan dakata, sannan ya duba kibiya da sawu. Jini ja mai kumfa na huhu ne, tana nan kusa. Ya bi a hankali, wuƙarsa a wase. Idan ya iske ta da sauran rai, ya yanka nan take. Kada ya bar neman ya kwana idan da hali, domin malamai sun yi maganganu a kan cin abin farautar da ya kwana ba a gan shi ba, zafin ƙasar nan ma ba ya barin nama ya kai safiya.

Nan za mu dakata. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. 

(Kiɗan garaya)